Taku Sha Biyu Zuwa Tebur

2 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki, ya kunnen? Umma ta ce min har yanzu ka ƙi saka abin jin nan da aka sayo maka, wai yana maka ƙara kamar injin jirgin ruwa. To shi ke nan, tunda waya ba ta maka amfani, ga takarda nan ka sha karatu. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar gida.

Na sami aiki. Wata tsohuwa nake kula da ita, shekararta tamanin da ɗaya, tela ce a da, tana zaune a hawa na uku ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Ta zame a banɗaki ta karye a kwatangwalo, aka yi mata aiki, aka sallamo ta kwana goma da suka wuce. Ɗanta ɗaya ne, yana aiki a wani gari, shi ya ɗauke ni. Bakinta akwai kaifi, Kawu, amma jininmu ya haɗu. Ina kai mata abinci har gado, in goge mata jiki, in kawo fo, in ajiye mata rediyonta kusa da kunne. Ko cokali ba na bari ta miƙa hannu ta ɗauka.

Akwai wata mai gashin ƙashi da ke zuwa duk Talata tana motsa mata ƙafa. Ta manna takarda a jikin firji, ta ce kullum a tayar da ita ta taka da ƙarfen dogarawa. Daga gadonta zuwa teburin cin abinci taku sha biyu ne. Ɗan ya ce ranar talatin ga Afrilu zai zo da likita. In ta iya kai kanta tebur da banɗaki, za ta zauna a gidanta. In ba ta iya ba, gidan tsofaffi zai kai ta, a saki gidan nan. Shekara hamsin da biyu tana cikinsa. Ta riƙe hannuna ta ce sai dai a fitar da gawarta. Ni kuma takardar zamana da aikin nan take ɗaure.

Matsalar ita ce duk sanda na kawo ƙarfen sai ta ce gobe. Ni kuma Sifaniyancina bai kai na lallashi ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. A ajin koyon harshe da nake zuwa da yamma mun shiga darasin “dole”, kuma kaina ya ɗaure. Malamar ta zubo mana *tener que*, da *hay que*, da *deber*, da *necesitar*, duk a rana ɗaya. Mu da muke da “dole” da “ya kamata” muka zauna lafiya, su me ya kai su tara har huɗu? Kai da ka yi shekara goma sha huɗu kana gyaran inji a jirgin ruwansu, warware min. Wanne zan faɗa wa tsohuwa ta tashi, ba tare da na yi mata rashin kunya ba? *Necesito que aprender* kafin lokaci ya ƙure.

Ka gaida mutanen gida.

Uwarka ta kanka

10 ga Maris

Zuwa ga Uwata,

Na karɓi takardarki, na ji daɗi ƙwarai. Jiki da sauƙi. Kunne kuwa ki bar shi yadda yake, abin da mutane ke faɗa a zamanin nan rabinsa bai cancanci a ji ba. Tun ranar da aka sa miki sunan mahaifiyata na san zan sha faɗa a hannunki, ga shi har ta takarda.

Kafin komai, na sa miki jan biro a jimlarki ta ƙarshe. *Necesito aprender* ake cewa, wato “ina buƙatar in koya”, babu *que* a tsakani. Kin ɗauko kayan wani kin ɗora wa wani.

Yanzu saurara. *Tener que* ita ce dole mai nuna mutum da yatsa. Tana sauyawa da wanda ake nufi: *tengo que* ni, *tienes que* ke, *tiene que* shi ko ita, ko babban da ake girmamawa. Da ita shugaban ɗakin inji yake mana magana, kuma ba ya maimaitawa. *Hay que* kuwa dole ce marar mai ita. Ba ta sauyawa, ba ta kama sunan kowa, kamar mu ce “sai an share tsakar gidan nan” alhali kowa ya san wa ake nufi. *Deber* nauyi ne da ke wuyan mutum tsakaninsa da zuciyarsa, kamar zumunci. In kika tausasa ta ta koma *debería*, ta zama “da ma a ce”, wato shawara. *Necesitar* buƙata ce kawai, irin ta ciki da abinci.

To wanne za ki faɗa wa tsohuwa? Uwata, wannan ba tambaya ba ce ga ’yar da ta sami tarbiyya. Matar da ta haifi uwarki ba a ce mata *tiene que*. Ki ce *hay que caminar*, wato “sai an taka”, a bar maganar tana yawo a ɗaki, mai kunne ya ɗauka. In ta ƙi, ki ce *debería usted caminar un poco*, cikin murya ƙasa-ƙasa. In ta sake ƙi, ki ƙyale ta. Mai ciwo shi ya san inda yake masa zafi, kuma likitocin nan da yawansu yara ne, lissafin kwanaki suka iya.

Abin da ya fi faranta min rai a takardarki shi ne inda kika ce ko cokali ba kya bari ta ɗauka. Allah Ya yi miki albarka. Haka na yi jinyar marigayiya Iya, matata, shekara uku, har yau in na fita masallaci ana nuna ni ana ba yara labari. Ki ci gaba a haka. Wata biyu lokaci ne mai yawa, ƙashi zai haɗe da kansa, za ki ga ta miƙe.

Na haɗo miki jimloli goma ki cike gurbi ki dawo min da su. Kada ki kwafa a littafi, zan gane.

Ɗanki tsoho,
Kawu

27 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Ni dai jiki lafiya, rai ne babu daɗi. Jimlolinka goma ban taɓa su ba, ka yi haƙuri.

Na yi yadda ka ce. Na tsaya a bakin gado na ce *hay que caminar*. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “To masu tafiyar su yi mana, wa ya riƙe su?” Ta ƙara muryar rediyo. Washegari na gwada *debería*. Ta shafa kumatuna ta ce ni yarinyar kirki ce, in kawo mata shayi. Na kawo. Kwana goma ke nan muna wannan wasan.

Shekaran jiya mai gashin ƙashi ta zo da awo ta auna cinyarta. Ta rame, Kawu, har ni na gani. Ta dubi fo a ƙarƙashin gado, ta dubi farantin abinci a kan bargo, ta dubi ƙarfen dogarawa da na rataya tawul a kai. Sai ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta yi magana a hankali don in gane kowace kalma. Ta ce, “Kin san me ya sa ba ta tashi? Saboda ba ta da abin da za ta tashi ta nema. Duk abin da take so yana zuwa da ƙafarki. Kirkinki ne yake cinye mata ƙafa.” Ta ce daga yau abinci a tebur, rediyo a tebur, fo da rana a ɗauke shi. Ta ce in daina roƙo, in ce mata *tiene que*, in tsaya a kai ko za ta yi kuka.

Na ce mata a inda na taso ba a barin babba ya nemi abu da kansa matuƙar akwai ƙarami a wurin. Ta ce ita ba ta zo sauya min tarbiyya ba, amma in je in ga gidan tsofaffin da idona, in ga waɗanda aka yi wa irin wannan gatan.

Jiya kuma ɗan ya aiko da takardun gidan tsofaffin, da hotunan ɗakuna. Na ɓoye su a bayan buhun shinkafa don kada ta gani.

Kawu, na bi shawararka, ga inda ta kawo ni. Ina tsaka mai wuya. In na ɗauke mata abinci daga gado, da wane ido zan kalle ta? In ban ɗauke ba, ni na kai ta inda ta ce sai dai gawarta. Ba zan yi komai ba sai na ji daga gare ka. Don Allah ka amsa da wuri, saura wata ɗaya da kwana uku.

Uwarka

17 ga Afrilu

Kawu,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Mako uku ke nan ina sauka hawa uku kullum ina duba akwatin wasiƙu, ba komai sai takardun talla. Na tambayi Umma, ta ce ta gan ka ranar Juma’a garau, har ka tsaya kana gardama da mai gyaran keke. Ke nan fushi kake da ni.

Na san layin da ya ɓata maka rai, inda na ce shawararka ce ta kawo ni nan. Ban faɗa don in ɗora maka laifi ba, raina ne a jagule. Ka yafe min. Harshe da haƙori ma suna saɓawa.

Na jira ka har sha biyu ga wata. Da na ƙirga kwanakin da suka rage sai na tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Da safe na ajiye shayinta da burodi a tebur, na ɗauke rediyon na kai can na kunna. Na ajiye ƙarfen a gabanta. Na ce, *señora, tiene que levantarse*, wato “baiwar Allah, dole ki tashi”. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Na sake faɗa. Ta ce in kawo mata shayinta. Na ce yana tebur.

Kawu, na shiga kicin na tsaya ina jin tsohuwa tana kirana. Ta kira da lallashi, ta kira da faɗa, ta jefi ƙofa da tabarau. Daga baya ta yi kuka, tana cewa me ta yi min. Na riƙe bakin famfo da hannu biyu don kada ƙafata ta kai ni. Tunda aka haife ni babba bai taɓa kirana sau biyu ba. Sai wajen sha ɗaya ta ce in zo in kama ta. Taku uku ta yi ta zauna a kujerar da na jawo mata, gumi ya jiƙa rigarta. Na matso da teburin daidai nan. Ta ci ba ta kalle ni ba.

Yau kwana shida. Tana taku bakwai. Kullum ina ƙara janye teburin kaɗan zuwa wurinsa. Ta daina min hira, ta daina gyara min Sifaniyanci. Na ji ta a waya tana gaya wa ɗanta wai ina barinta da yunwa.

Ban san ko daidai nake yi ba. Saura kwana sha uku. Ko zagi ne ka rubuto min, ya fi shirun nan.

Uwarka mai laifi

25 ga Afrilu

Uwata,

Lafiyata ƙalau, kuma ban yi fushi da ke ba ko na minti ɗaya. Takardarki ta ƙarshe ta iso jiya, na karanta na rasa inda zan sa kaina don kunya. Kin ɗauka layinki ne ya ɓata min rai. Maganar mai gashin ƙashin nan ce ta hana ni rubutu. Sau huɗu ina fara amsa ina yagewa.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwarki.

Lokacin da Iya ta sami shanyewar ɓarin jiki, likita ya kira ni gefe. Ya ce ƙafar ba ta mutu ba, hannun ma haka. Ya ce in an tayar da ita kullum, an bar ta tana ƙoƙarin cin abinci da kanta, cikin wata shida za ta taka. Ya ba ni wata ’yar ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Ranar farko na tayar da ita, ta yi kuka ta ce, “Malam, ka ji tausayina.” Na kwantar da ita. Ban sake ba. Na ba ta abinci a baki, na ɗauke ta, na sauke ta, shekara uku, har ta rasu a kan gadon nan ba ta sake ganin tsakar gidanta a tsaye ba. Mutane suka yi ta sa min albarka, ni kuma na yi ta karɓa. Ƙwallon tana nan a aljihun tebur ɗina.

Shekara sha ɗaya na san wannan, ina rufe shi da yabon mutane. Da kika tambaye ni wace kalma za ki faɗa wa tsohuwarki, na zaɓar miki wadda za ta sa abin da na yi ya zama daidai. Na koya miki harshen daidai, na ba ki shawarar banza. Sannan na zauna ina fama da kunyata har na cinye miki mako biyu cikin kwanakin baiwar Allah nan. Wannan alhakin nawa ne, ba naki ba.

Abin da kike yi shi ne daidai. Ki faɗa mata *tiene que* safe da yamma. Ta yi kuka, ta zage ki, ta kai ƙararki, kada ki matso da teburin ko da taku ɗaya. Abin da kika yi a kicin ɗin nan, ni namiji da gemuna na kasa shi.

Na san da wuya takardar nan ta riga ranar isowa. Duk yadda ta kasance ki rubuto min, kada ki ɓoye min komai. Ranar talatin ga wata ba zan fita ko’ina ba, ina nan ina miki addu’a.

Kawunki

9 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, kada ka damu da ganin adireshi sabo a bayan ambulan.

Takardarka ta iso kwana biyu bayan ranar. Na karanta ta a zaune a matakala, na yi kuka har maƙwabciya ta leƙo. Allah Ya ji ƙan Iya, Ya yafe mana gaba ɗaya. Ban ga laifinka ba, Kawu. Na san muryar da ta ce maka ka ji tausayinta, na ji irinta ta bayan ƙofa.

Ga yadda aka yi. Ɗan ya zo da likita da ƙarfe goma na safe, mai gashin ƙashi ma ta zo. Tsohuwa ta sa na ɗauko mata rigar da ta ɗinka wa kanta, mai maɓallai a gaba, ta ƙi yarda in ɓalla mata. Ta kama ƙarfen ta miƙe. A taku na takwas ta tsaya, ƙafar tana karkarwa, ɗan ya yunƙura zai tare ta. Ban san sanda na riƙe masa hannun riga ba. Ta kai tebur. Ta huta, ta tashi ta kai banɗaki, ta dawo. Likita ya sa hannu. Tana nan a gidanta.

Da suka zauna shan shayi, ta ce wa ɗanta tana da sharaɗi ɗaya. A gabana ta faɗa, a hankali, don in gane. Ta ce ba ta son ta ƙara ganina a gidan. Ta ce na ji tana kuka na yi kamar ban ji ba, kuma ita ba za ta manta ba. Mai gashin ƙashi ta yi ta bayani, ɗan ya ba ni haƙuri har bakin ƙofa, ya ce ya san komai, amma uwarsa ce. Na ce masa gaskiyarta ce, na ji kuma na yi kamar ban ji ba.

Mai gashin ƙashi ta haɗa ni da wasu mutane masu tsoho da ya karye a ƙafa, na fara ranar Litinin, takardar zamana ba ta taɓu ba. Ta ce musu ni ce wadda take nema wa masu taurin kai. Ban san ko yabo ne ba.

Ranar da na kwashe kayana na je yi mata sallama, ta juya fuska bango. Na ce ta yafe min. Na sauko da jakata, raina kamar an yi min mutuwa, don wallahi ina son matar nan. Da na tsallaka titi zan hau mota sai na ɗaga kai. Tana tsaye a tagar falo, ita kaɗai, tana dubawa ta tabbatar na tafi. Muka haɗa ido, ta ja labule da ƙarfi.

Kawu, tagar nan tana can ƙarshen falo, bayan tebur da nisa. Na sha share wurin, na san shi. Taku ashirin da shida ne daga gadonta, kuma ba wanda ya ce mata dole.

Ka gaida Umma, ka ce mata ina nan lafiya.

Uwarka